Dogon Nan Na Baya

Murhun madarata ya fara kuka ne a shekarar da na bar itace na koma gas. In na ce kuka, ba ƙarar tafasa nake nufi ba. Kuka ne sosai, wuuuu, dogo, ba ya yankewa, har sai ka ji shi a haƙoranka. Kwanukan da ke kan kanta su kama rawa, kwanon rufi ya ɗauka, awakin maƙwabta su watse.

Sana'ata burkina ce, madara da gero da muke ɗurawa a gora mu sa a firij, sai wagashi, wato cukun madara, in madara ta yi yawa. A unguwar Nyanshegu nake a Tamale, a wani ɗaki da na gina bayan gida. Shekara da shekaru da itace nake dahuwa, har hayaƙi ya ci mini ido. Da hali ya samu na kira wani mai walda, Dagomba ne, shagonsa na Gumbihini, ya ƙera mini murhu: rabin durom, kan gas a ƙasa, babbar tukunya a bisa, sai bututu a baya mai fitar da zafi ta rufi. Da farko bututun gajere ne. Maƙwabciyata mai sayar da wake da shinkafa ta dame ni da ƙorafi, wai zafin yana bugo mata taga, sai na sa mai waldan ya ƙara masa tsawo har ya wuce rufinta.

Mu biyu ke aiki a ɗakin, ni da wata Bafulatana, doguwa, siririya, marar yawan magana. Daga rugarsu ta bayan gari take kawo madara kullum da safe a keke mai ƙafa uku, ta zauna mu dafa tare har azahar. Mun fi shekara goma a haka. 'Yar'uwa take ce mini, ni ma haka nake ce mata. Da mijina ya rasu ita ta riƙe mini sana'ar har na fita takaba. Kwano ɗaya muke cin tuwo.

Makon da aka ƙara bututun ba ta nan. Matar ɗanta ta haihu, jikanta na fari, ta tsaya hidimar suna. Ni kaɗai na yi ta kunna murhun, kuma lafiya lau. Ranar da ta dawo, bakinta har kunne, tana ba ni labarin jaririn, wai dogayen yatsunta ya ɗauko, ta tsuguna gaban murhu ta kunna. Ba a yi minti biyu ba ɗakin ya ɗauki kuka. Muka fito a guje, ɗankwalina a hannu. Na yi ta maza na koma na rufe silinda. Da muka huce na kunna da kaina, shiru kake ji. Muka yi ta dariya, ta ce murhun fushi yake don ba a kai masa naman suna ba.

Washegari ta kunna, ya yi kuka. Na kunna, ya yi shiru. A rana ta uku babu wadda ta yi dariya a cikinmu.

Ni dai Allah ya yi ni da zargi, ba zan ɓoye ba. Ko gero aka auna mini sai na ɗaga kwanon na duba gindinsa. Na fara sa mata ido. Na lura in ta tsuguna gaban murhu takan daɗe, ta juya mini baya, ta zura hannu can ƙasa tana taɓa wani abu, leɓenta yana motsi. Shekara goma tana tsugunawa gaban wutata ban taɓa kallon leɓenta ba sai a makon nan. Na duba ƙarƙashin murhu bayan ta tafi, ko zan ga laya ko ƙulli. Ban ga komai ba, kuma maimakon hankalina ya kwanta sai na ce lallai abin ya fi ƙarfin ido.

Maƙwabciyar tawa ta tare ni a bakin famfo.

"Hajiya, ƙarfe yana da baki ne?"

Na ce ban sani ba.

"To don me sai shi ya taɓa? Kai ka taɓa, shiru. Shi ya taɓa, kuka. Ni ban ce komai ba o. Amma abin nan ya ban tsoro paa."

Haka Hausar yawancin mutanen Tamale take, babu mace a cikinta. Kowa shi ne, kowa kai ne, ko uwarka ce. Mu a gidanmu ba haka muke yi ba. Kakanmu fataucin goro ya kawo shi daga ƙasar Hausa, kuma ya bar mana "ta" da "ki" kamar yadda wasu ke barin gona. Na tashi ina alfahari da wannan, ina yi wa ƙawayena dariya in sun ce "uwana ya zo". Kunnena ya saba gyara maganar mutane tun kafin su rufe baki. In aka ce "shi", ni nake zaɓar wanda ake nufi.

Na san kalmar da maƙwabciyata ke kewaya wa, kuma na san nauyinta. A yankin nan namu in aka jefi mace da maita, ba ciniki kaɗai take rasawa ba. An sha raba tsofaffi da gidajensu a kan abin da bai kai kukan murhu ba. Don haka na ce ba zan yi gaggawa ba, bari in kira wanda ya ƙera abin.

Ya zo da hantsi a kan babur, ko kashe shi bai yi ba, wai aiki na jiransa. Na ce wa 'yar'uwar tawa ta kunna. Ta kunna, ta zagaya bayan tukunya ta ɗauki muciya tana juya madara, a wurin da ta saba tsayawa, dab da bututun. Kukan ya tashi. Mai walda ya tsuguna ya leƙa wutar, ya miƙe ya kasa kunne, ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Sai ya ja ni bakin ƙofa saboda ƙarar, ya nuna bayan tukunya da leɓe.

"Hajiya, murhunka ba shi da matsala koraa. Dogon nan na baya, shi ke sa shi kuka. Cire shi, ka huta."

Ya hau babur ya tafi.

Na juya na dubi bayan tukunya. Doguwar mace tana tsaye cikin tururi, tana juya madara. A raina na gyara masa Hausar kamar yadda na saba: doguwar nan ta baya, ita ke sa shi kuka, cire ta ki huta. Har na yaba masa, na ce mutumin nan yana da zurfin ciki, ya ga abu ya faɗa a takaice.

Ranar ban ci tuwo da ita ba, na ce cikina ne. Washegari na ce azumi nake. Ta dube ni, ta ci rabin kwanon ta rufe mini sauran. Da ta tafi na zuba wa kaji, kuma na tsaya ina kallonsu in ga ko za su faɗi.

A ƙarshen mako na ce mata ciniki ya ja baya, ta huta kwana biyu, zan neme ta.

"'Yar'uwa, ciniki ne?"

"Ciniki ne mana."

Ta wanke muciyar, ta rataye ta a ƙusarta, ta ɗauki jarkokinta. A bakin ƙofa ta ce Allah ya kawo kasuwa. Ban raka ta bakin titi ba, abin da ban taɓa fasawa ba.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma maganar ta yi mini nauyi a ciki, na kai ta bakin famfo. Na gaya wa maƙwabciyata abin da mai walda ya ce, da irin nunin da ya yi da leɓe. Na ce kada ta gaya wa kowa. Kafin Juma'a duk Nyanshegu ta ji cewa har mai ƙera ƙarfen ya gani da idonsa. Matan da ke sayen nono a wurin 'yar'uwar tawa suka daina. Mai keken da ke ɗauko ta daga ruga ya ji, shi kuma ya kai labarin can. Ni kuwa ina ta wanke kaina, ina cewa ai kalmar nan ba daga bakina ta fito ba.

Murhu ya yi shiru. Kwana biyu bayan haka mai walda ya wuce ta ƙofar gidana, ya rage gudu ya ɗaga murya.

"Hajiya, ka cire shi?"

"Na cire."

"Ya daina?"

"Ya daina."

"Ka gani ko!" Ya ƙara wuta ya wuce. Na shiga gida ina jin kaina kamar wadda ta tsallake rijiya.

Sai dai gindin tukunya ya fara yin baƙi ƙirin, kullum sai na kankare. Madarar da nake saye a wurin wasu ta riƙa kamawa a ƙasa. Silinda ta daina kai ni inda take kai ni. Masu shaguna suka fara cewa burkinata tana ƙauri. Duk wannan ma ita na ɗora wa. Na ce ta tafi da albarkar ɗakin.

An yi wajen wata biyu a haka, sai yayana ya dawo daga kudu inda ya je a duba masa kunne. Shi ne babbanmu, yana zaune a Bulpiela tun da ya yi ritaya. Aikinsa duk gyaran injin jirgin sama ne, irin mai hura wuta ta baya, kuma aikin ne ya cinye masa kunnen hagu. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ya zo gaishe ni, na kawo masa burkina mai sanyi. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye.

"Ƙanwata, itace kika koma?"

Na ce gas ne. Ya tashi ya nufi ɗakin ba tare da ya nemi izini ba. Tukunya na kan wuta. Ya tsuguna da ƙyar, ya leƙa, ya ga harsunan wuta jajaye suna lasar gindin tukunya.

"Wannan ai ba wuta ba ce, ɓarna ce. Gas kike zubarwa, iska ba ta shiga."

Ya rage gas. Ya zura hannu can ƙasa, daidai inda 'yar'uwar tawa take zura nata, ya murɗa wani zobe da ke wuyan kan gas ɗin, wanda ban taɓa sanin yana juyawa ba. Wutar ta tattare, ta gajarce, ta koma shuɗiya. Sai kwanukan kan kanta suka fara rawa. Wuuuu.

Na juya na dubi ƙofa. Wallahi ita nake nema. Babu kowa sai akuya.

Yayana kuwa murna yake. Ya juya kunnensa mai ji wajen murhun, yana murmushi kamar ya haɗu da abokin makaranta.

"Kai! Rabona da jin wannan tun ina aiki."

Ya murɗa zoben baya, kukan ya mutu. Ya sake murɗawa, ya tashi. Sau uku yana yi, ni ina jingine da bango.

Ya kashe, ya zauna a kan turmi ya yi mini bayani. Ya ce wuta ba ta ci a miƙe kamar yadda ido ke gani, tana ɗan bugawa ne, ta ƙaru ta ragu, da saurin da ba a iya gani. Kowane bugu yana tura sauti cikin bututu. Sautin ya kai ƙarshe ya dawo. In tsawon bututun ya yi daidai yadda sautin zai dawo a lokacin da wutar ke sake bugawa, sai ya ƙara mata ƙarfi, ita ma ta ƙara masa, kamar mai tura lilo da ya san lokacin turawa. Jar wuta mai gas da yawa ba ta kula da wannan. Shuɗiya, mai iska da yawa da gas kaɗan, ita ce ke amsawa.

Ya ce a injin jirgi ma haka ne, a ɗakin da mai ke ƙonewa. Da masu ƙerawa suka so rage hayaƙi, suka rage mai suka ƙara iska, sai wannan kuka ya zame musu ciwon kai. Can ba kwanuka yake kaɗawa ba, ƙarfe yake tsagawa, ya ce ya taɓa ciro bangon ɗakin wutar da hannunsa duk ya daddare. Shi ya sa ake huda ƙananan ramuka a jikinsa don su shanye sautin, ko a sauya yadda man ke fesowa.

"Naki mai sauƙi ne. Yaushe aka ƙara bututun nan?"

Na gaya masa.

"To. A rage shi. Amma wa ke kunna miki a da? Duk wanda ya iya fitar da shuɗiyar wuta haka da ido kawai, ya san aikinsa. Kada ki yi wasa da shi."

Na gaya masa komai. Bai katse ni ba. Da na gama ya ciro waya ya kira mai walda, ya sa kowa na ji.

"Ai na gaya masa!" in ji mai walda. "Na ce ya cire dogon nan. Ya ce ya cire."

Na matso kusa da wayar, na ce, "Matar fa kake nufi?"

"Wane mata? Hajiya, fayif na ce! Dogon fayif na baya! Ni ina ruwana da mata?"

Yayana ya kashe wayar. Ya juyo gare ni.

"Mutumin nan Hausarsa daidai ya yi. Bututu namiji ne. Ke ce kika gyara abin da bai ɓaci ba."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa idona. Ranar da la'asar mai walda ya zo ya yanke kamu ɗaya daga bututun, ya huda 'yan ramuka a gindinsa yadda yayana ya nuna masa. Aka kunna, wuta shuɗiya, ɗaki shiru. Aikin duka bai kai tsawon dahuwar shayi ba.

Washegari da safe na naɗe guntun bututun a zani na shiga keke zuwa ruga. Na same ta a gindin bishiya tana wanke ƙwarya. Ta rame. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo nono a ƙoƙo. Na ɗaga na shanye tas. Tana kallona har na ajiye.

"Yau kin sha, Madam."

Madam. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kwance zanin na nuna mata ƙarfen, na yi ta bayani, wuta da iska da lilo da jirgin sama. Ta saurara har ƙarshe.

"Zoben nan nake murɗawa," in ji ta. "Madara ba ta son babbar wuta. Sau biyu na nuna miki, kina waya."

"Leɓenki fa da ke motsi?"

"Bisimilla nake yi. Ke ba kya yi?"

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, tun ranar da na ce ina azumi alhali ta ga ɓawon gyaɗa a kan zanina.

"Abu ɗaya ne ban gane ba. Shekara goma. Me ya hana ki ce, 'yar'uwa, me kike taɓawa a can ƙasa?"



Muna zaune sai jariri ya yi kuka a wata bukka. Jikinta ya motsa kamar za ta tashi, sai ta koma ta zauna. Matar ɗanta ta fito da yaron a kafaɗa, ta gaishe ni daga nesa, ta zagaya ta bayan garke, hanyar da ta fi tsawo, don kada ta bi ta gabanmu. A nan na gane inda maganar famfo ta kai. Tun ranar da mai keke ya kawo labarin ba a sake ba ta yaron ta ɗauka ba.

Na tashi na bi yarinyar da ƙarfena a hannu. Na rantse mata, na ce ni ce na yi ƙarya, kuskuren kunnena ne, yayana ya kunna murhun ya yi kuka alhali surukarta tana nan ruga. Ta ce to, ta ji, Allah ya kyauta. Amma ta ƙara rungume yaron.

Na koma Nyanshegu na tsaya a bakin famfo da safe, lokacin da mata suka fi yawa, na ɗaga ƙarfen na faɗi komai da ƙarfi. Wasu suka yi dariyar "shi" da "ita". Maƙwabciyata ta ce, "Hmm. To amma don me ƙarfen ya jira sai da shi ya dawo?" Na sake bayani tun daga farko. Suka ɗauki bokitansu suka watse, kuma na ga labarin farko ya fi musu daɗi.

Ta ci gaba da kawo mini madara, don na roƙe ta, kuma yaran gidanta na buƙatar abinci. Sai dai a bakin ƙofa take ajiye jarkokin. Ba ta sake taka ɗakin ba. Ni nake kunna wutar yanzu, in murɗa zoben har ta yi shuɗi, kuma muciyarta tana nan a ƙusarta.

Kwanakin baya, tana ɗaure jarkokin da babu komai a ciki, na tambaye ta jikan.

"Ya fara tafiya, Madam," in ji ta. "Jiya ya taho wajena har taku huɗu kafin uwarsa ta gani."